Layin Alli a Jikin Wufa

Na ɗora sabuwar wufa, sifikar nan mai rugugi, a kan kujera, na bi falo da rarrafe ina neman inda sautin ya fi daɗi don in ajiye ta can. Sai wurin ya faɗa a kusurwar bangon da muka haɗa da maƙwabcina tela. To, jin daɗina ko barcin jaririyarsa?

Ina cikin wasiwasi telan ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Maƙwabci, tirela ka saya?" in ji shi. "Je ka ɗakina ka saurara, ni in murɗa maɓallin sautin."

Na je. Yana ragewa har bangon ya daina kaɗawa, na dawo na shaida masa. Ya ja layi da allin ɗinki a jikin maɓallin.

"Ga iyakarmu."

Har yau ban tsallake layin ba.