Rigar Firiza

Tsohon tela bai iya ganin abu a tsirara ba. Shekara arba'in ya yi a kan keken ɗinki, da ya ajiye aiki kuma sai hannun ya ƙi ajiyewa. Rediyon gidan na da riga, fanka na da hula, har tukunyar gas sai da ta samu ɗan siket. Saboda haka ranar da autarsa ta sayo firiza ta kafa a lungun kicin, kowa ya san ita ma ba za ta tsira ba.

Auta ma'aikaciyar jinya ce. Mijinta na aiki a nesa, ta dawo gidan uban da jaririya 'yar wata huɗu. Akwai jarrabawar ƙarin girma da za ta je rubutawa a wani gari, kwana uku, kuma ba a shiga da goyo. Jaririyar kuwa da an ba ta madarar gwangwani sai jikinta ya feso da ƙuraje. Shi ya sa Auta ta yi wata guda tana tatsar nono tana ƙullawa a 'yan ledoji, tana jerawa a firiza. Goggonta za ta zo ta riƙe yarinyar, shi tela aikinsa ɗumama nono. In ledojin nan suka lalace babu tafiya, sai baɗi.

Tela ya zauna ya yi lissafi irin nasa. Mai jin sanyi yakan rufa don kada ɗumi ya fita. To, sanyi ma ai sai a rufe shi kada ya gudu. Ya samo yadi mai kauri, ya shimfiɗa soso a ciki, ya ɗinka wa firiza riga tun daga gefe har baya, ya tura ta ta manne da bango. Auta ta yi dariya ta ce ta yi kyau, shi kuma ya wuni yana hura hanci.

Saura kwana biyu tafiya, Auta na wurin aiki, tela ya ji injin firizar yana ta gurnani ba hutu. Ya ɗaga murfi ya taɓa ledojin sama, sai ya ji sun yi laushi. Ko takalmi bai daidaita ba ya tafi bakin layi ya kamo mai gyara.

Mai gyara ya tsaya yana kallon rigar, ya shafa ɗinkin.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne. Laifi ne?"

"Ɗinki dai ba a magana. Amma ka toshe mata hanci. Ita firiza zafi take kwasowa daga ciki ta zubar ta baya da gefe. Sa hannunka nan ka ji."

Tela ya cusa hannu ƙarƙashin sosan, ya zaro da sauri. Kunya ta kama shi har wuya. Bai bari mai gyara ya taɓa ba, da kansa ya ɗauko reza ya farke ɗinkin da ya kwana uku yana yi. Suka janyo firizar taƙi guda daga bango, suka share ƙurar da ta cunkushe ragar injin da burushi. Mai gyara ya maƙala takarda a bakin murfi ya ja, ta ƙi fitowa, ya ce robar murfin lafiyarta ƙalau.

"Yanzu a bar ta ta huta da buɗe-buɗe, Baba. Leƙe ma ban yarda ba."

Leda huɗu ne suka narke, na ƙasa suna nan da ƙarfinsu. Da Auta ta dawo da yamma, tela ya tare ta tun daga ƙofa ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta tsaya tana kallon ledojin huɗu a faranti. Ya san asuba nawa ta tashi kafin ta tara su, ya gwammace ta yi masa faɗa.

"Waɗannan a ba yarinyar yau da gobe," ta ce. "Zan ƙara wasu kafin in tafi."

Kwana biyun nan tela ya zama mai gadin firiza. Yakan zauna ya kasa kunne har ya ji injin ya yi shiru don kansa, sannan ya saki numfashi. Da Goggo ta iso ta ɗora tire a kan firizar, ya kusa cinye ta ɗanya.

Ranar tafiya da safe mota ta tsaya a waje tana hon. Auta ta fito da jaka, ta shayar da 'yarta, ta nufi ƙofa. Tela ya bi ta.

"Ba za ki buɗe ki duba ba, Auta?"

"Kai ka duba?"

"Na duba. Duk sun daskare."

"To shi ke nan, Baba."

Ta ɗora masa jaririyar a kafaɗa, ta wuce kicin ɗin ko waiwaye babu.