Ɗan'uwa Na Goma Sha Bakwai

Layi huɗu kacal Faransawa suka bari a takardar binciken neman aiki don sunayen 'yan'uwa. Layi huɗu! Sa'idu ya dubi wurin, ya yi dariya, ya nemo farar takarda ya liƙa a baya. Shi ɗan Damagaram ne, a gidansu mutum huɗu ko kwanon tuwo ɗaya ba su kewaye ba.

Shekara shida ya yi a Lyon yana lissafin yadda ƙaramin tauraron ɗan'adam zai matsa kusa da wani a sararin samaniya ba tare da sun yi karo ba. Shi a ransa shara zai kwashe, wato tarkacen matattun taurarin da ke yawo a sama. A bazarar 2019 wani kamfanin Paris da ke yi wa soja aiki ya neme shi, daidai lokacin da takardar zamansa ta ɗalibi ta rage sati uku ta mutu. In babu kwangilar aiki a hannu, babu sabuwa, sai gida. Aikin kuwa na sirri ne, dole a bincike shi tukuna, shi ya sa ake neman sunayen dangi.

A falon Hajiya Biba, ƙanwar mahaifiyarsa, can hawa na sha ɗaya a Vénissieux da ke gefen Lyon, suka zauna suna jerawa. 'Yan ɗakinsu, 'yan uba, da waɗanda aka riƙe a gidan, sai da suka kai ashirin da uku.

"Ka sa Mounkaila?" in ji ta.

"Shi ne na sha bakwai, Inna."

"To madalla. Wata bakwai yana shan nonon uwarka bayan tashi ta rasu. Wanga ai ya hi wasu da kuka haɗa uba."

Ranar Talata aka kira shi Paris. Mai binciken wani dattijo ne mai tabarau, mai ladabi har ya ba mutum haushi. Ya ɗora yatsa a kan suna na sha bakwai.

"Wannan direban babbar mota ne tsakanin Agadez da Dirkou," ya ce. "Yana kusantar iyaka, yana riƙe da wayar tauraron ɗan'adam. Sunansa kaɗai zai ja binciken nan wata shida, kai kuma ba ka da wata shida. A dokarmu ba ɗan'uwanka ba ne, ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya. Kuskure ka yi. Ja masa layi, gobe ka sa hannu a kwangila."

Ya turo masa alƙalami. Kuma a gaskiya taimakonsa mutumin yake yi, abin da ya fi ƙona wa Sa'idu rai ke nan. Tsoro ya kama Sa'idu sosai. Shekara shida, a kan layi ɗaya.

"Lissafina me za a yi da shi?" ya tambaya.

"Sai ka shigo za ka ji dalla-dalla. Amma ai kai ba yaro ba ne. Abin da zai iya matsawa kusa da mataccen tauraro zai iya matsawa kusa da mai rai, ya toshe masa ido da kunne. Wasu ƙasashe ma sun riga mu."

Sa'idu ya san haka tuntuni, kawar da kai kawai yake yi. Yanzu kuwa babu inda zai kai kan. Shekara biyu da suka wuce motar Mounkaila ta mutu a tsakiyar hamada da mutum talatin a bayanta. Kwana huɗu suka yi, ruwa ya ƙare. Wayar nan da ake zargi ita ta kira musu ceto, kuma wayar ba ta san komai ba sai wani tauraro da ke can sama, wanda ranar da manya suka yi faɗa za a iya rufe masa baki ba tare da kowa ya tambayi wanda ke ƙasa yana jira ba.

Ya ɗauki alƙalamin. Dattijon ya gyara zama, har ya fara murmushi. Sa'idu ya rubuta lambobi a gefen sunan, a hankali, don kada a ce ba su karantu ba.

"Mene ne wannan?"

"Lambar wayarsa ce. Ranar da kuka tashi kashe tauraron, ku fara kiransa ya fito daga hamada. Ɗan'uwana ne."

Dattijon ya rufe takardun ya ce za a rubuto masa. Su duka biyun sun san abin da wasiƙar za ta ce.

Da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Lyon, ya nemi benci ya zauna. Baƙin ciki ya cika shi, amma ko kusa bai ji yana son komawa ofishin nan ba. Ya ciro salula ya kira Hajiya Biba, suka gaisa a gajarce.

"Ya aka ƙare?" ta tambaya.

"Inna, babban akwatinki yana nan? Ina so ki ara mini."