Rigar Colman Folan

Ni na fara ganinsa kafin kowa a tsibirin nan, kuma ba da tabarau ba. Ni ne Festy Conneely, wanda teku ta haɗiye sau biyu ta tofar don na yi mata ɗaci. Ni na saƙa hulunan ciyawa na bikin waccan shekarar, masu rufe fuska har kafaɗa, guda goma sha ɗaya. Ban taɓa zama a aji ba, amma da na tsaya bisa gada dab da faɗuwar rana na ƙirga masu wucewa, sha biyu na samu. To amma labarin na Delia Folan ne, kuma daga bakinta na ji sauran.

Shekara bakwai ke nan da mijinta Colman ya fita kamun kifi, kwale-kwalen ya dawo shi kaɗai. Abin da ya rage mata nasa shi ne kujerarsa ta gefen murhu, da wata rigar sanyi mai ruwan toka da ta saƙa masa, tana ƙasan akwati. Duk ranar ƙarshe ta Oktoba, daren Sawin, sai ta share ɗaki, ta kirɓa dankali da kabeji, ta sa man shanu a tsakiya, ta ajiye gaban kujerar, ta bar ƙofa a buɗe. Ba ta taɓa ganin kowa ya shigo ba, ba ta kuma nemi gani ba. Ladabi ne kawai, kamar yadda kakarta take yi.

A shekarar ce 'yarta Treasa ta dawo daga birnin Boston, can ƙetaren teku, da akwati uku da shawara guda: a farfaɗo da yawon masu hular ciyawa, a gayyato baƙi masu ɗaukar hoto. Can suna ce masa Halowin, in ji ta, kuma daga hannunmu suka ɗauka suka mai da shi bikin alewa. Limamin coci ya ce ragowar maguzanci ne. Mai kanti ya ce duk abin da zai kwashe masa alewa daga kan kanta mai albarka ne. Delia ba ta shiga musun ba, sai da suka kaɗaita ta gaya wa 'yarta abin da ta sani. A yammacin Sawin katangar da ke tsakanin rayayyu da matattu takan tsage. Ba don a kalle ka ake rufe fuska ba, don kada a gane ka ne. Saboda haka ba a yin shigar wani sananne, ba a kuma kiran sunan mai hula, domin mamacin da ya gane wani nasa ba ya komawa shi kaɗai.

Treasa ta sumbaci goshinta tana dariya. "Haba Mama. In Baba ya zo ai sai mu cika masa aljihu da alewa."

Ranar bikin da la'asar sakaliya Delia ta buɗe akwati neman mayafin tebur, ta tarar babu rigar. Ta zazzage komai a ƙasa, babu. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ai Treasa ce ta saka ta, wai don girmama mahaifinta, kuma ta yi mata kyau ƙwarai, da ma tsawonsu ɗaya. Delia ta jawo gyale za ta bi sawu, sai ta ji ƙaho da ganga sun riga sun karyo kwanar hanya. Gidanta ne na ƙarshe kafin bakin teku, nan yawon yake ƙarewa.

Suka cika tsakar gida, mutum goma cikin tsummoki da kwat a juye, suna tangaɗi da waƙa, giya ta fara aikinta. A gabansu kuma mutum biyu suka tsaya bakin ƙofa cikin rigar toka iri ɗaya, har facin baƙin zare da Delia ta yi a gwiwar hannun hagu. Wani daga baya ya ce ashe marigayi tagwaye ne, aka kwashe da dariya. Ina can bayansu ina haki. Ciwon gwiwa ne ya hana ni matsowa, kada wani ya ce tsoro.

Sunan 'yarta ya taso wa Delia har maƙogwaro, ta danne shi da haƙori. Ta duba ƙafafu, takalman roba iri ɗaya. Ta duba hannuwa, duka a cikin aljihu. Sanyi ya sauko sosai, sai ta lura na hagun huci yana fita ta tsakanin ciyawar hularsa kamar hayaƙi. Na daman babu ko ɗigo. Kuma ba ƙofar yake kallo ba. Ya karkata kai wajen na hagun, a hankali, irin na mai ƙoƙarin tuna inda ya san mutum.

Na hagun ya zaro hannu ya kama gefen hula zai cire. "Mama, wai wa kika ba..."

Delia ta rarumi tsintsiya mai sanda ta kwaɗa wa hannun har ya yi ƙara.

"Wace ce uwar taka? Ɓarawon tufafi, mara kunya. Ba ni da ɗa ba ni da 'ya a tsibirin nan, ban san ka ba." Ta ƙara masa ɗaya a kafaɗa. "Kai Festy, tsohon banza, zo ka kwashe wannan shashasha ka mai da shi inda ka tsinto shi."

Dariya ta mutu a tsakar gida. Na zo na danne hular a kan Treasa da hannu ɗaya, na ja ta da ɗayan, tana fizgewa tana kuka cikin ciyawa. Na daman ya juya gaba ɗaya zai bi mu, har ya ɗaga ƙafa.

Delia ta ajiye tsintsiya, ta goge hannu a zane, ta yi magana da muryar da ta yi shekara ashirin da shida tana tarbarsa da ita.

"Ka makara kuma. Abincinka ya huce. Shigo, ka goge ƙafa tukuna."

Ya daɗe a tsaye, ƙafa ɗaya tana fuskantar hanya. Sannan ya goge takalmi a tabarmar ƙofa, sau biyu kamar yadda ya saba, ya shiga. Ta maida ƙofa ta sa sakata, abin da ba ta taɓa yi ba a daren Sawin.

Ya zauna a kujerarsa, bai cire hula ba, bai taɓa abincin ba. Ta zauna gabansa tana ba shi labarin rufin ɗaki da ke yoyo, da kazar da ta daina ƙwai, da waɗanda suka rasu bayansa. Duk sa'ad da kansa ya fara juyawa wajen ƙofa sai ta ɗauko wani zancen. Ta ba shi labarin kowa a tsibirin, ban da mutum ɗaya. Da wuta ta yi ƙasa ta sunkuya ta ƙara mata, ta ɗago ta ga kujera babu kowa, ƙasanta jiƙe sharkaf, ɗakin yana warin gishiri.

Treasa ba ta yafe ba. Ta ce wani ɗan kawunta ne ya yi shaƙiyanci, uwarta kuma ta tozarta ta gaban baƙi saboda camfi. Kafin Kirsimeti ta tattara ta koma. Takan bugo waya ran Lahadi, gaisuwa a taƙaice. Na sha ce wa Delia ta yi mata bayani, sai ta girgiza kai.

"Bar ta. Gara ta yi fushi da ni tana can Boston da ranta."

Delia ta rasu bara waccan, a kan gadonta, da rana tsaka. Gidan yana rufe, makullin yana aljihuna. Wanda duk ya ce tsoho ya sha ya yi maye ne yake ƙirga sha ɗaya sha biyu, ya zo ƙarshen Oktoba. Zan ba shi makullin, har itacen wuta zan ba shi kyauta. Ya zauna ciki da fuskarsa a buɗe daga faɗuwar rana, in ya ji ana goge ƙafa a bakin ƙofa, ya tambaya wane ne.