Allurar Riƙe Ciki

Sau biyu wata mai kitso tana haihuwar bakwaini, kuma babu wanda ta ji kukansa. Da ciki na uku ya shiga wata huɗu, likita ta duba ta, ta ce bakin mahaifarta gajere ne, shi ya sa yake saurin buɗewa.

"Akwai allura ta sinadarin da jiki ke riƙe ciki da shi, duk mako za a yi miki," in ji likita. "Tana rage haɗari, amma ban yi miki alkawari ba."

"Ko kullum ne zan zo," ta ce.

Ruwan allurar kauri gare shi kamar mai. Nas takan tura shi a hankali, mai kitso ta damƙe ƙarfen gado, ta cije gefen mayafi. Ɗuwawunta ya yi ƙulu-ƙulu, zama ya gagara sai a karkace. Ta rufe shago, masu zuwa kitso suka koma wani wuri.

"Kin zama matashin da tela ke soke allura," in ji yayarta da ke rako ta. Suka yi dariya har nas ta ce a daina motsi.

Cikin ya wuce watan da ta haifi biyun farko. Mijinta, direba, ya dawo da 'yar hula da safa. Ta ce ya ɓoye su tukuna.

Wata safiya tana shanya, ta ji ruwa na bin ƙafarta.

Mace ta haifa, 'yar mitsitsiya, ta yi kuka siriri kamar na mage. Aka sa ta a kwalba. Mai kitso takan tatsi nono a kofi, ta zura hannu ta ramin gilashi, yarinyar ta kama mata yatsa. Ba a yi mako ba numfashin ya gagara.

Ranar sallama nas ta tare ta a baranda, idonta jajur.

"Yi haƙuri, 'yar uwa. Duk wahalar nan."

"Kar ki ce haka. Wannan ta sha nonona."

A mota mijin ya daɗe bai tayar ba.

"Ya isa haka," ya ce. "Ba zan iya sake ganinki cikin wannan hali ba."

Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono, yayarta ta miƙo mata tawul daga baya.