Sunan Aro a Gaban Opung

Togap dai ɗan Jakarta ne, in ka ce ya lissafo maka 'yan ƙwallon Turai sai ka toshe kunne. Amma cikin al'adun ƙabilarsu ta Batak kaf, abu ɗaya ya riƙe: ba a auren 'yar dangi. Ga shi kuwa budurwarsa Rumondang 'yar dangin Nainggolan ce, dangin marigayiya mahaifiyarsa. Yana sonta kamar me, kuma ya san in kakarsa ta wajen uba, Opung, ta ce a'a, magana ta ƙare.

Shi ya sa a mota, kan hanyarsu ta zuwa Balige, garin Opung, ya yi ta koya mata ƙarya.

"In ta tambaye ki, ki ce ke 'yar dangin Sinaga ce."

"Yaya Togap, ni fa ban iya ƙarya ba."

"Haba, kalma ɗaya ce tak!"

Suka tarar da Opung ta dafa kifin tafki, ya sha kurkum. Ko loma ba a kai ba ta dubi yarinyar.

"'Yar wane dangi ce ke?"

"Sinaga, Opung."

"Madalla. Sinaga na wane gari? Wa ya haifi kakanki?"

Rumondang ta saci kallon Togap. Gogan naka ya duƙufa yana cire ƙayar kifi.

"Na... na Jakarta."

"Ikon Allah! Yaushe Jakarta ta fara haihuwar Sinaga?"

Sai idon Rumondang ya cika da ƙwalla. "Ki yafe ni, Opung. Ni Nainggolan ce. Shi ya ce in ɓoye, wai za ki raba mu."

Togap ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci. Me zai ji? Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya har tana dukan tabarma.

"Kai sakarai! Dangin ubanka aka hana ka. 'Yar dangin uwarka ai 'yar kawunka ce, ita ake nema ido rufe! Ka samo zinariya, ka zo kana shafa mata laka."

"Wato tun daga Jakarta a banza na haddace Sinaga?" in ji Rumondang, ta kai masa mintsini.

"Ba wanda ya taɓa gaya mini," in ji Togap a sanyaye.

Dariyar Opung ta tsaya. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani jan ulos, saƙaƙƙen mayafin da aka yafa wa mahaifiyarsa ranar aurenta.

"Wadda za ta gaya maka ta tafi kana rarrafe," in ji ta. "Tun daga ranar ba 'yar Nainggolan da ta zauna a tabarmar nan." Ta yafa wa Rumondang mayafin a kafaɗa, ta gyara mata shi.

Togap ya ture farantinsa gefe.

"Opung, wa ya haifi kakana?"

"Gyara zama," in ji ta. "Labarin da tsawo, kifin ma zai huce."