Bakin da Dogo Ya Miƙa Masa

Shekara goma sha tara Soso ya yi yana wankin mota a wuri ɗaya. Sunansa na yanka ya ɓace tun a shekarar farko, saboda kullum da soso a hannunsa, in kuwa babu a hannu to yana aljihun baya yana jiƙa masa wando. Wurin ba wani babba ba ne. Rumfar kwano ce mai cin mota biyu, da daɓen siminti da ya tsattsage, da tankin ruwa a kan ƙarafa huɗu, sai ɗan ofishin Maigida mai taga ɗaya.

Su biyu ne ma'aikatan, shi da Dogo, ƙanin matarsa. Shi ya kawo Dogo wurin lokacin da aka rufe masaƙar da yake aiki, shi ya koya masa cewa daga rufin mota ake fara wanki, kuma tsumman taya ba ya taɓa gilashi. Wasa ne tsakaninsu kullum. Dogo kan ce, "Tsoho, ka sace mana Yaya, ga shi ko ƙiba ba ta yi ba." Soso ya ce, "Ai taimakonku na yi, da har yau tana can tana cinye muku tukunya."

Ran da aka kawo injin feshin ruwa, Soso ba ya nan. Ya kai matarsa asibiti a duba mata ido, bai dawo ba sai bayan azahar. Ya tarar da abin a tsakiyar rumfa, rawaya, a kan tayoyi biyu, da baƙin tiyo a naɗe da doguwar bindiga ta ƙarfe. Injiniyan da ya haɗa shi ya riga ya tafi. Dogo kaɗai ya yi wa bayani, don Maigida yana kan waya tun daga farko har ƙarshe.

Da yamma Maigida ya kira su bakin taga. Yana sakace, bai ko ɗago kai ba.

"Kun ga injin nan? Aikin mutum uku yake yi. Ni kuwa ba gidan marayu na buɗe ba. Mutum ɗaya ya ishe shi. Zan duba ku zuwa ƙarshen wata, wanda ya fi amfani ya zauna."

Soso bai damu sosai ba. Masu motoci shi suke nema, wasu ma in ba ya nan juyawa suke yi. Dogo ma ya san haka. Ya tsaya yana kallon daɓe, yana tunanin 'ya'yansa huɗu da matarsa mai tsohon ciki. A hanyar gida Soso ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya sa abin a rai, Maigida barazana ce kawai irin tasa. Dogo ya ce, "To, Yaya." Ranar bai yi wasan tsoho ba.

Kwana uku Soso yana kewaye injin kamar mai gudun kare. Dogo ke feshi, shi yana bi da tsumma. Maigida ya leƙo ta taga ya ce, "Kai, bokitin nan da shi za a binne ka ne?" Masu jiran mota suka yi dariya, Soso ma ya taya su.

A rana ta huɗu da hantsi wani tsohon kwastomansu da ake kira Likita ya shigo da shuɗiyar motarsa. Tsohuwar mota ce, amma yana ji da ita fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu, kuma mako biyu ke nan da ya sake mata fenti. Shekara goma sha ɗaya babu hannun da ke taɓa ta sai na Soso. Maigida ya fito da kansa yana washe baki.

"Likita, yau za ka ga ci-gaba. Da inji za a wanke maka. Soso, ajiye wannan bokitin, ɗauki bindiga."

"Ranka ya daɗe, wannan motar dai da hannu..."

"Na ce ɗauki bindiga."

Ya ja Likita ofis ya ba shi kujera. Soso ya je wurin gwangwanin da ake ajiye bakunan feshi, wato 'yan ƙananan ƙarafan da ake maƙalawa a tsinin bindiga ruwa ya fita ta cikinsu. Huɗu ne: ja, rawaya, kore da fari. Akwai lambobi a jikinsu, amma idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. Ya juya su a tafin hannu, ya matsa kusa da Dogo ya rage murya.

"Ƙanina, rufa mini asiri. Fentin nan sabo ne. Wanne ne mai sauƙi a cikinsu?"

Dogo ya dubi bakunan. Ya dubi ofis, ya dubi motar, ya goge hannunsa a riga ko da yake a bushe yake. Sannan ya ɗauki jan ya ɗaga shi sama yadda haske zai ratsa.

"Dubi hujinsa, Yaya. Kamar na allura. Kai ma ai ka sani, ƙaramin huji ruwa kaɗan yake saki."

Maganar ta shiga kan Soso. Ya yi shekaru yana ganin famfo, in an rage shi ruwa ya ragu. Ya ce, "Haka ne kuwa. Allah ya yi maka albarka." Dogo ya maƙala masa bakin da hannunsa, ya tayar da injin, ya ce bari ya duba ko tanki ya yi ƙasa. Ya zagaya bayan rumfa.

Da yake Soso mutum ne mai taka-tsantsan, sai ya matsa dab da motar don kada ruwa ya fantsama inda bai nufa ba. Ya kai bakin kusa da ƙofar direba, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ya yi bisimilla ya danna kunama.

Bindigar ta zabura a hannunsa. Ruwan ya fito siriri, tsaye, da ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Kafin ya gane abin da ke faruwa, wani farin layi ya tashi daga ƙofar gaba har ta baya, fenti yana tashi ɓawo-ɓawo, robar gilashi ta tsinke tana lilo. Tsoro ya sa yatsunsa suka ƙara damƙe kunamar maimakon su saki. Abin da ya zo masa kawai shi ne ya kawar da ruwan daga jikin motar, sai ya karkata bindigar ƙasa. Silifa ce a ƙafarsa. Ya ji kamar an soka masa ƙusa mai zafi a bayan babban yatsa, sannan ya yar da bindigar.

Likita ne ya fara fitowa. Ya tsaya gaban ƙofar motar, ya bi layin da yatsa tun daga farkonsa har ƙarshe.

"Shekara goma sha ɗaya ina ba ka na goro, ashe jaki nake ciyarwa. Dubi! Dubi abin da ka yi mini!"

Soso ya durƙusa a cikin ruwan da ya kwanta a daɓe yana ba da haƙuri. Jini kaɗan ne ke fita daga ƙafarsa, yana narkewa a ruwan. Likita ya ja da baya don kada ya taɓa masa takalmi. Bai dubi ƙafar ba.

Maigida ya ɗauki bindigar ya ga abin da ke tsininta. "Ja? A jikin fenti? Uban wa ya ce ka sa ja?"

Dogo ya dawo, yana tsaye jikin ƙarfen tanki. Soso ya dube shi sau ɗaya. A ransa ya ce duhun kai ne ya haɗa su su biyu, in ya faɗa, gida biyu za su kwana da yunwa maimakon ɗaya.

"Ni na ɗauka, ranka ya daɗe."

"To cire mini rigata. Yanzu, a nan."

Ya cire rigar aikin a gaban mutane, ya ninke ta ya ɗora a kan benci, ya rage daga shi sai 'yar shara mai huji a kafaɗa. Ya ɗaure ƙafar da tsumma ya tafi gida a ƙasa. Dogo ya sunkuya yana naɗe tiyo.

Ciwon ba shi da girma, bai fi ƙwayar gero ba. Matarsa ta gasa masa da ruwan ɗumi da gishiri, ta ce da safe zai lafa. Da safe ƙafar ta cika silifa. Rana ta uku ta yi baƙi tana wari, zazzaɓi ya sa yana kiran sunayen motoci. Dogo ne ya goya shi a baya ya sauko da shi daga bene har bakin titi, maƙwabta suna cewa kowa ya samu suruki irin wannan ya gode Allah. A asibiti suka ce ruwan ya kutsa can ciki ƙarƙashin fata da duk dattin da ya kwaso, da an zo tun ranar da an ceci ƙafar. Suka yanke yatsu uku da gefen tafin.

Bayan wata biyu Soso ya dogara sanda ya koma wurin wankin. Ya ji an ce mai gadin rana ya bar aiki, ya ce ko Maigida zai tuna da shekarun baya. Ya tarar da Injiniya tsugune gaban injin yana canza masa mai, Dogo kuma na goge wata farar mota. Injiniya ya ga ƙafar da aka naɗe ya tambayi abin da ya same shi. Soso ya ba shi labari ba tare da ya ambaci kowa ba, ya ƙare da cewa, "Mu da ba mu yi boko ba, sai muka ɗauka ƙaramin huji ne mai sauƙi."

Injiniya ya ajiye sifana. "Ku wa? Kai dogon nan, ba kai na yi wa bayani ba?" Ya miƙe ya je bayan tanki, ya jawo wani guntun katako da aka jingine. A tsakiyarsa akwai rami mai zurfi kamar an bi da kurfi. "Wannan a gabanka na yi shi da jan. Na ce maka duk ƙarfin injin a wannan ɗan hujin yake taruwa, don ɓamɓare siminti da busasshiyar laka aka yi shi. Na ce fari na fenti ne, shi ke baza ruwa kamar mafici. Har na sa ka maimaita mini sau biyu. Ƙarya nake yi?"

Dogo bai daina goge gilashin ba. Ya ce, "Ranar aiki ya yi mini yawa, Injiniya."

Maigida yana jin su ta taga. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ashe dai Dogo ba dogon banza ba ne." Da Soso ya matsa ya faɗi abin da ya kawo shi, sai ya leƙo ya dubi ƙafar. "Gadi? In ɓarawo ya ruga, sanda za ka aika ta kamo shi? Je ka huta, tsoho."

Soso ya kai bakin titi kafin Dogo ya cim masa, tsumma a hannu.

"Yaya, tsaya."

Ya tsaya, don dama ba ya iya sauri.

"Wallahi mota na nufa. Mota kawai. Ƙafar nan ba ni ba ne, kai ka juya bindigar."

"Ni na kawo ka wurin nan."

"Na sani. Amma da an kai ƙarshen wata ni za a kora, kai ma ka sani. 'Ya'yana biyar yanzu."

"Nawa fa? Itatuwa ne?"

Dogo ya murɗa tsumman har ruwa ya ɗiga. Sannan ya ce, a hankali, "In ka gaya wa Yaya, me zai ƙaru? Hawan jininta ka sani. Kuma wa ke kawo muku abinci tun da ka kwanta? In ta ce kada in sake taka gidanku, ni ba abin da zai ragu a tukunyata."

Wata mota ta yi ƙaho a rumfa, Maigida ya ƙwala masa kira. Dogo ya juya da gudu.

Soso bai faɗa ba. Ya kwana uku yana shirya maganar, kullum in ya buɗe baki sai ya ga matarsa tana karkaɗe ƙasan kwanon awo, ya mayar ya rufe.

Ranar hutu da la'asar Dogo ya zo da rabin buhun shinkafa a kafaɗa da galan ɗin mai. Yara suka rufe shi da murna. Yayarsa ta rasa inda za ta sa shi, ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma kusa da mijinta, tana share ido da gefen mayafi.

"Malam, ka ga ɗan'uwanka kuma. Kai dai sai ka zuba masa ido kamar baƙo. Ba za ka yi masa godiya ba?"

Soso ya dubi buhun, ya dubi yaransa da suka riga suka fara kwance bakinsa.

"Na gode," in ji shi.

"Haba, Malam, haka kawai? Kamar ana matsa maka wuya?"

"Na gode, ƙanina. Allah ya saka maka."

Ita ta amsa da amin, da ƙarfi, har sau biyu. Ta tashi ta kawo musu abinci a kwano ɗaya, ta ajiye ruwan wanke hannu a tsakaninsu. Dogo ya wanke nasa, ya gyara zama, ya janye gwiwarsa kaɗan don kada ta gogi naɗaɗɗiyar ƙafar. Ya ci sosai, har ya nemi ƙari.