Motar Aro da Lahadin Mama

Tun ranar Laraba da aka miƙa wa Lamont Prewitt makullin motar aro ya kasa zaune ya kasa tsaye. Tsohuwar motarsa ya kai gyara kamfanin da ke sayar da irinta a garinsu, Columbus, aka ce sai ta kwana biyu a wurinsu, aka ba shi wata ya lallaɓa kafin nan, yadda ake yi wa kowa. Baƙa ce wuluk, ƙirar Jamus, kujerunta na fata, in ka rufe ƙofa ka rabu da hayaniyar titi ke nan. Mutumin da ya daɗe yana dillancin gidaje a motar da tagarta ɗaya ba ta sauka, me kake tsammani? Ko kofi bai yarda ya sha a cikinta ba.

Washegari ya ɗauki wani mutum da matarsa ya kai su ganin gida. Mijin ya riƙa neman shawararsa kan unguwanni, matar kuma ba ta kira shi da komai ba sai Mista Prewitt. Wataƙila dama mutanen kirki ne. Lamont dai motar ya ba ladan.

Ran Juma'a da ya koma mayar da ita, wani mai sayar da motoci ya tare shi tun daga bakin ƙofa. Tanner sunansa, fara'a kamar ya haɗiye mutum.

"Mista Prewitt, yaya ka ji ta?"

"Mota ce," in ji Lamont, yana ƙoƙarin ɓoye zumuɗinsa.

"To ka zo a kan gaɓa. Ta gama wa'adinta na aro. Tunda ta ɗan taka, ba za mu sayar da ita a matsayin sabuwa ba, haya za mu ba da ita ta shekara uku. Dala ɗari huɗu da tamanin da tara a wata, tsohuwar motarka ta zama kafin alƙalami. Amma gobe wata ke ƙarewa, farashin da shi zai tafi."

Lamont ya haɗiye yawu. A kuɗin nan ƙaramar mota ma da ƙyar ake samu. Ya tambayi mil nawa aka yarje a yi a shekara.

"Dubu bakwai da ɗari biyar. Duk mil ɗin da ya hau kai, kwatan dala."

Nan ya san inda gizo ke saƙar. Mahaifiyarsa, Verlie, tana zaune ita kaɗai a garin Dayton, kimanin mil saba'in daga Columbus, tun rasuwar mahaifinsa. Kowace Lahadi can yake wuni: ya kai ta coci, su ci abinci, ya ɗan zaga da ita ta sha iska. Zuwa da dawowar nan kaɗai sun isa su cinye mil ɗin shekara, kafin ya ɗauki ko mutum ɗaya zuwa ganin gida. Ya ce a ƙara mil ɗin. Tanner ya ce bari ya taɓa manaja, ya shige ofishin gilashi, suka yi ta kaɗa kai su biyu kamar ana shari'a, ya fito da wani farashi wanda babu sauran araha a cikinsa.

"Ka ga, kada ka yanke yanzu," in ji Tanner, ya mayar masa da makullin cikin tafin hannu. "Tafi da ita gida, ka sake kwana da ita."

Sun san aikinsu mutanen nan.

Bai nufi gida ba. Ya tsaya a filin ajiye motoci na wani kanti ya kira surukinsa Cleon, wanda ke sauya motar haya kamar riga, ya karanta masa farashin.

"Sake faɗa in ji," in ji Cleon. Ya sake. "Kai suruki, tsuntsu daga sama gasasshe. Kana ina yanzu? In ba ka so, ba ni lambar yaron."

"Mil ɗin fa bai yi kaɗan ba?"

"Kai da ba ka fita gari? Gidajen da kake sayarwa a Kanada suke? Sa hannu kafin su farga."

Cleon ya san da Dayton sarai, mantawa ya yi, Lamont kuwa bai tuna masa ba. Daga nan ya shiga wani dandali a intanet inda masu hayar motoci ke baje cinikinsu a duba musu. Ya rubuta komai dalla-dalla: kuɗin motar, ragin da aka yi, kuɗin wata. Kafin ya gama shan ruwa amsoshi sun fara zuba. Wani ya ce ciniki ya yi. Wani ya ce ya matsa musu su yafe kuɗin takardu. Wani ya ce in ya bari ta kuɓuce, ya daina kiran kansa dillali. Ya karanta, ya sake karantawa, hankalinsa bai kwanta ba. Ina zai kwanta? Mai neman shawara da ya ɓoye rabin magana ya san amsar da ya samu rabi ce.

Ya tarar da matarsa Rochelle a kicin tana haɗa abincin da za ta tafi da shi asibiti. Nas ce, kuma Asabar da Lahadi duk a bakin aiki take yinsu. Ya zayyana mata komai, har da abin da mutanen intanet suka ce. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga ya ga motar, ya dawo.

"Mil nawa?" ta tambaya, ba ta ko ɗago ba.

Ya faɗa.

"Mama fa?"

"Sai in riƙa ɗaukar motarki ran Lahadi."

"Ni kuma in je asibiti a kan tsintsiya?"

"Ki ɗauki sabuwar mana."

"In ajiye maka ita a filin asibitinmu, inda ake buga wa mutum ƙofar mota a wuce? Tabo ɗaya, in za ka mayar su caje ka. Kuma na san ka, Lamont. Kwana za ka yi kana zagaya ta da tocila." Ta rufe kwanon abincin. "Ban hana ka ba. Ka wahala, ka cancanci abu mai kyau. Amma kada ka tambaye ni ko ciniki ya yi kyau, don ba abin da ke damunka ke nan ba."

Ya ji haushi, irin haushin da ake ji in an faɗa wa mutum gaskiya. Ya ce ai in ya sayar da gidaje biyu a kan na bara, kuɗin mil ɗin ba komai ba ne, kuma motar ce za ta sayar da su. Ya faɗa har sau biyu, na biyun don kunnensa.

Ran Asabar da hantsi ya sa hannu. Aka yi ta juya masa takardu yana rattabawa, Tanner ya girgiza masa hannu, aka ɗauke shi hoto a gaban motar. Da zai fita ya hango tsohuwar motar tasa a bayan gini an rubuta mata lamba da alli a gilashi. Ya kawar da kai.

Lahadi da sassafe ya kama hanyar Dayton. Motar tafiya take kamar ba ta taɓa ƙasa, amma daɗin bai shige shi ba. A tsohuwar motar bai taɓa kula da lambobin da ke ƙirga mil ba. Yau kuwa suna gabansa farare tas, duk ƙiftawa sun ƙaru. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya sake kunnawa.

Mama tana tsaye a baranda da hular cocinta. Ta sauko a hankali tana dogara sanda, ta zagaya motar, ta shafa ƙofar.

"Ikon Allah. Ɗan nan, taka ce?"

"Tawa ce, Mama."

"Da babanka ya ga wannan, da unguwar nan ba ta yi barci ba."

A coci ta sa ya ajiye ta daidai ƙofa don ƙawayenta su gani, kuma sun gani. Ya ji daɗin wannan har zuciyarsa. Suka dawo suka ci soyayyar kaza da burodin masara, ta ƙara masa ba tare da ta tambaye shi ba. Da suka gama ta ɗauki jakarta, suka shiga mota don zagayen da suka saba.

"Yau kai ni wurin babanka," ta ce tana gyara zama. "Na daɗe ban je ba. Daga can mu biya ta bakin tafki, in ji yadda abar nan take gudu."

Maƙabartar tana can bayan gari, tafkin kuma gaba da ita. Idon Lamont ya sauka kan lambobin, bakinsa kuma ya riga shi.

"Da ɗan nisa fa, Mama."

Sau nawa ya kai ta can bai taɓa cewa da nisa ba? Ta juyo ta dube shi, sannan ta bi inda idonsa yake da kallo. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Haya ce ko?"

"Haya ce."

"Ɗan ƙawata Misis Gaither ma irinta ya ɗauka. Sai Kirsimeti take ganinsa." Babu faɗa a muryarta. Ta ɗora hannu biyu kan jakarta. "Mu zaga unguwa kawai, ya isa."

"A'a Mama, mu je. Wallahi mu je."

"Na gaji ma. Zaga unguwa."

Ya zaga da ita layi uku. Ta yaba kujerun, ta yaba sanyin, ta ɗaga wa wani maƙwabci hannu. Da ya dawo da ita ƙofar gida bai kashe motar ba tukuna ta dafa masa hannu.

"Ba sai ka riƙa zuwa kowane mako ba, ka ji? Sau ɗaya a wata ma ya wadatar. Akwai motar coci da ke ɗaukar tsofaffi, zan sa su rubuta sunana."

Ya buɗe baki zai ce ba zai yiwu ba. Amma kafin kalmar ta fito, wani sauƙi ya riga ya sauka a ƙirjinsa, sauƙin da ya kwana huɗu yana nema bai samu ba. Ya ji shi sarai, kuma kunyar jinsa ta kusa kashe shi. Mama tana kallon fuskarsa, ta ga abin da ta gani.

"To, Mama," ya ce. "Za mu gani."

Ta buɗe ƙofar da kanta, ba ta jira ya zagayo ba.